Zafin furosesa da sanyaya kwamfutar wasanni

Zafin furosesa shi ne matakin ɗumin da babbar ƙwaƙwalwar kwamfuta, wadda ake kira furosesa ko CPU, take kaiwa yayin da take aiki. Ana auna shi da digiri a ma'aunin Salshiyas, kuma ƙananan na'urorin da ke karanta shi a jikin furosesar aka gina su. Kusan duk wutar lantarkin da furosesa ta sha zafi take komawa, don haka kowace kwamfuta tana buƙatar hanyar fitar da wannan zafi zuwa iskar ɗaki. Batun ya fi tasowa a kwamfutocin wasanni na kan tebur, domin masu su kan sauya kayan ciki ɗaya bayan ɗaya: a cire tsohuwar furosesa ko tsohon katin hoto a sa wanda ya fi ƙarfi, a bar akwati da fankoki da na'urar sanyayawa yadda suke.

Hauhawar zafi bayan irin wannan sauyi ba kullum take nufin wani abu ya lalace ba. An ƙera furosesocin zamani ne su riƙa ƙara gudu da kansu har sai sun kusanci iyakar zafi ko iyakar wutar da kamfani ya ɗibar musu. Saboda haka lambar digiri ita kaɗai ba ta isa hukunci ba. Ana duba ta ne tare da yawan wutar da furosesar ke sha, da gudun da take iya riƙewa, da kuma zafin ɗakin da kwamfutar take ciki.

Asalin zafin

Furosesa guntun silikon ne mai ɗauke da biliyoyin ƙananan makunnan lantarki da ake kira tiransisto. Duk lokacin da ɗaya daga cikinsu ya kunnu ko ya mutu, wata 'yar wuta tana wucewa ta koma zafi. Yawan zafin ya dogara ga abu biyu manya: saurin bugun furosesar, wanda ake aunawa da gigahaz, da ƙarfin turin lantarkin da aka ba ta, wato boltej. Idan an ninka gudu, zafi ya ninku. Idan kuwa boltej aka ninka, zafi zai ninku sau huɗu. Tun da yake ƙarin gudu yakan buƙaci ƙarin boltej, kaso na ƙarshe na gudun furosesa shi ya fi kowanne cin wuta. Wannan ne dalilin da ya sa rage wuta da kaso mai yawa sau da yawa ba ya rage aiki sai kaɗan.

Akwai kuma wutar da ke yoyo ta cikin tiransistoci ko da ba sa aiki, kuma yoyon yana ƙaruwa idan silikon ya yi zafi. Iyakar zafin da kamfanoni ke sakawa ba don tsoron narkewa ba ce, domin silikon ba ya narkewa sai ya haura digiri 1,400. An sa ta ne don hana kuskuren lissafi da kuma saurin tsufan siraran hanyoyin ƙarfe da ke cikin furosesar, waɗanda zafi da yawan wuta ke zaizayewa a hankali.

Tarihi

Furosesocin kwamfutocin gida na farko ba su buƙaci fanka ba. Nau'o'in farko na Intel 486, wadda ta fito a 1989, suna aiki da iskar cikin akwati kawai. Da Pentium ta fito a 1993, ɗora ƙarfen tsotse zafi da fanka a kan furosesa ya zama abin da aka saba. A 2000 Intel ta fito da Pentium 4 mai tsarin rage gudu da kanta idan zafi ya yi yawa. A 2001 shafin Tom's Hardware ya yi wani gwaji da ya yi suna, inda aka cire na'urar sanyayawa ana tsakiyar wasa: Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, ita kuwa Athlon ta kamfanin AMD ta ƙone. Daga baya kariyar zafi ta zama wajibi a furosesocin kamfanonin biyu.

A 1974 injiniya Robert Dennard da abokan aikinsa a kamfanin IBM sun bayyana cewa idan aka ƙanƙanta tiransisto, ana iya rage boltej ɗinsa daidai gwargwado, ta yadda zafin da ke fita daga kowane yanki na silikon ba zai ƙaru ba. Wannan ƙa'ida ta yi aiki kusan shekara talatin, sannan ta tsaya a tsakiyar shekarun 2000 saboda yoyon wuta. Pentium 4 nau'in Prescott ta 2004 ta kai wat 115, kuma a shekarar ce Intel ta soke shirin magajiyarta mai suna Tejas. Daga nan kamfanoni suka daina tseren gigahaz kaɗai, suka koma ƙara yawan cibiyoyin aiki a cikin furosesa ɗaya. Core 2 Duo ta 2006 ta sauko zuwa wat 65 kuma ta fi Prescott aiki. A 2008 Intel ta ƙaddamar da Turbo Boost, tsarin da ke ƙara gudu idan akwai sararin zafi da na wuta, AMD kuma ta zo da Precision Boost tare da Ryzen a 2017.

Ma'aunan da kamfanoni ke bayarwa

Lamba ta farko da ake rubutawa a bayanin furosesa ita ce TDP, wadda ake bayarwa da wat a matsayin jagora ga masu ƙera na'urar sanyayawa. TDP ba ita ce ƙololuwar wutar da furosesa ke sha ba. A soket AM4 na AMD, furosesa mai TDP 65 tana iya shan wat 88, mai 105 kuma tana kaiwa 142. A soket AM5, Ryzen 9 7950X mai TDP 170 tana kaiwa wat 230. Intel kan ba da lamba biyu: Core i5-12400 tana da wat 65 na asali da 117 na ƙololuwa, Core i9-13900K kuma 125 da 253. Wanda ya zaɓi na'urar sanyayawa bisa ƙaramar lambar yakan tarar ba ta wadatar ba idan aiki ya yi nauyi.

Lamba ta biyu ita ce iyakar zafi, wadda ake kira Tjmax. Idan furosesa ta kai ta, sai ta rage gudu da boltej da kanta. Idan zafin ya ci gaba da hawa duk da haka, kwamfutar ta kashe kanta. Ga iyakar wasu sanannun furosesocin wasanni:

Ryzen 5 3600 (2019) da Ryzen 5 5600X (2020): digiri 95
Ryzen 7 5800X (2020) da Ryzen 7 5800X3D (2022): digiri 90
Ryzen 9 7950X (2022): digiri 95
Ryzen 7 7800X3D (2023): digiri 89
Core i9-13900K (2022) da Core i9-14900K (2023): digiri 100

Lokacin da jerin Ryzen 7000 ya fito a watan Satumba na 2022, AMD ta bayyana cewa kaiwa digiri 95 a aiki mai nauyi yana cikin tsarin furosesocin, ba alamar matsala ba ne. A irin waɗannan furosesoci, na'urar sanyayawa mai kyau ba lallai ta saukar da lambar digiri ba a lokacin aiki mafi nauyi. Abin da take yi shi ne ba furosesar damar riƙe gudu mai yawa a kan wannan zafin.

Hanyar da zafi ke bi

Zafi yana fita ne mataki-mataki, kuma kowane mataki yana iya zama shinge. Daga guntun silikon yana shiga murfin jan ƙarfe da ke rufe furosesar. Tsakanin silikon da murfin akwai abin haɗi, ko dai narkakken ƙarfen indiyom ko wani man sadar da zafi. Intel ta koma amfani da mai a wannan wuri daga furosesocin Ivy Bridge na 2012, abin da ya ƙara musu zafi, sannan ta dawo da haɗin ƙarfe a Core i9-9900K a 2018.

Daga murfin, zafi yana ratsa siririn man da mai haɗa kwamfuta ke shafawa, ya shiga gindin na'urar sanyayawa. Aikin man shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin ƙarafan biyu, domin iskar da ke maƙalewa a ramukan ba ta sadar da zafi. A ma'aunin sadar da zafi, jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyom kusan 237, iska kuwa 0.026 kacal. Man ya fi iska nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar ƙarfe ba, don haka siririn shafi ake so, ba tuli ba. Daga gindin na'urar, zafi yana bazuwa a kan siraran fallayen ƙarfe, fanka ta hura shi cikin akwati, fankokin akwati kuma su fitar da shi waje.

Ana iya ƙiyasta zafin furosesa da lissafi mai sauƙi: zafin iskar da ke shiga, a tara da yawan wat sau juriyar hanyar gaba ɗaya. Misali, a ɗauka hanyar tana ƙara digiri 0.4 a kan kowane wat. Furosesa mai shan wat 88 a ɗaki mai digiri 25 za ta tsaya wajen 60. Idan aka sauya ta da mai shan wat 142 ba a taɓa komai ba, za ta kai kusan 82. Idan ɗakin ya kai digiri 38, lissafin ya kai kusan 95, wato sama da iyakar furosesa irin Ryzen 7 5800X, kuma dole ta rage gudu.

Dalilan hauhawar zafi bayan sauya kaya

Dalili na farko shi ne ƙarin wuta a kan tsohuwar na'urar sanyayawa. Soket AM4 ya daɗe ana amfani da shi tun 2016, don haka mutane da yawa sun cire tsohuwar Ryzen sun sa sabuwa a kan babban allon kwamfuta ɗaya. Ryzen 5 3600 tana zuwa da ƙaramar na'urar Wraith Stealth a kwalinta, wadda aka yi don furosesa mai TDP 65. Ryzen 7 5800X ba ta zuwa da kowace na'ura, domin kamfanin yana sa ran mai saye zai nemi babba.

Dalili na biyu shi ne cunkoson zafi a ƙaramin wuri. A sababbin Ryzen, guntun silikon da ke ɗauke da cibiyoyin aiki takwas bai kai murabba'in santimita ɗaya ba. Fitar da wat 80 daga ƙaramin wuri ya fi wuya a kan fitar da shi daga faffaɗa, shi ya sa sabuwar furosesa takan nuna digiri sama da tsohuwa ko da wutar da suke sha ɗaya ce. A nau'o'in 5800X3D da 7800X3D an ɗora ƙarin ma'ajiyar bayanai a saman cibiyoyin aiki, wadda ke ƙara saurin wasanni amma take tare hanyar zafi. A 9800X3D ta 2024 an mayar da ma'ajiyar ƙarƙashin cibiyoyin, iyakar zafinta kuma ta koma 95.

Dalili na uku shi ne katin hoto, wanda ake kira GPU. A lokacin wasa, katin ne ya fi komai shan wuta, kuma yawancin katunan suna zubar da zafinsu a cikin akwati, dab da ƙarƙashin furosesa. GeForce GTX 1060 na 2016 yana shan wat 120, RTX 3080 na 2020 wat 320, RTX 4090 na 2022 wat 450, RTX 5090 na 2025 kuma wat 575. Wanda ya sauya kati kaɗai zai iya ganin furosesa ta ƙara zafi ba tare da an taɓa ta ba, domin iskar da take shaƙa ta riga ta ɗumama. Bayan haka, kati mai ƙarfi yana fitar da hotuna masu yawa a kowane sakan, furosesa kuma ita ke shirya kowane hoto, don haka aikinta ma yana ƙaruwa.

Dalili na huɗu shi ne kuskuren ɗauri. Daga cikin wanda aka fi samu akwai mantawa da ledar da ke manne a gindin sabuwar na'ura, mayar da na'ura a kan busasshen tsohon mai, ɗaure kusoshi gefe ɗaya fiye da ɗaya, juya fanka ta fuskar da ba daidai ba, da rashin jona wayar famfo. Sauyin soket ma yana kawo nasa. Soket LGA1700 da Intel ta fito da shi a ƙarshen 2021 yana da tazarar ramuka milimita 78 maimakon 75 na magabatansa, kuma furosesar ta ɗan fi zama ƙasa, don haka tsohuwar na'ura tana buƙatar sababbin ƙarafan ɗauri kafin ta zauna daidai. AM5 kuwa an tsara shi ya karɓi yawancin na'urorin AM4.

Dalili na biyar shi ne saitin BIOS. Wasu allunan kwamfuta suna zuwa da saitin da ke cire iyakar wutar furosesa don su nuna ƙarfi a gwaji. A 2024 Intel ta amince cewa yawan boltej yana lalata wasu furosesocinta na zubi na 13 da na 14. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ta nemi a koma saitin da ta tsara, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garantin furosesocin da abin ya shafa.

Nau'o'in na'urorin sanyayawa

Na'urar iska ita ce mafi yawa. Ƙaramarta dunƙulen alminiyom ne da fanka a sama. Babbarta, mai siffar hasumiya, tana amfani da bututun jan ƙarfe rufaffu masu ɗauke da ɗan ruwa a ƙarƙashin ƙarancin matsin iska. Ruwan yana tafasa a wurin da ke taɓa furosesa, tururin ya tashi zuwa fallayen ƙarfe ya huce ya koma ruwa, sannan wani shafi mai kama da lagwani da ke jikin bututun ya jawo shi baya. Daga sanannun irin wannan akwai Hyper 212 na kamfanin Cooler Master na Taiwan, da NH-D15 na kamfanin Noctua na Ostiriya, wanda ya fito a 2014 mai tsawon milimita 165. Tsawo abin lura ne, domin ba kowane akwati ke rufuwa a kan babbar hasumiya ba. Na'urar iska ba ta da abin da ke lalacewa sai fanka.

Na'urar ruwa tana aiki kamar ta mota: famfo yana tura ruwa ta kan farantin jan ƙarfe da ke kan furosesa zuwa lagireto, inda fankoki ke huce shi. Rufaffun nau'o'in da ake sayarwa a haɗe suna zuwa da lagireto mai tsawon milimita 120, 240, 280, 360 ko 420. Ruwa yana ɗaukar zafi mai yawa kafin ya ɗumama, don haka na'urar tana jinkirin nuna ainihin zafinta. Gwajin minti biyu ba ya bayyana inda za ta tsaya. Ƙaramin lagireto na 120 sau da yawa bai fi hasumiyar iska mai kyau ba. Famfo yana iya mutuwa, ruwan kuma yana raguwa a hankali cikin shekaru. Ana so kada famfo ya zama wuri mafi tsawo a zagayen, domin iskar da ke ciki sama take taruwa.

Wasu kan maye gurbin man sadar da zafi da ƙarfe mai ruwa-ruwa na galiyom, irin wanda Sony ta yi amfani da shi a PlayStation 5 ta 2020. Ya fi mai sadar da zafi, amma yana sadar da lantarki kuma yana cinye alminiyom.

Iskar akwati

Tsarin da aka fi bi shi ne iska ta shiga ta gaba da ƙasa, ta fita ta baya da sama. Akwati mai gaban raga ya fi mai gaban gilashi ko roba shaƙar iska. Idan fankokin shigarwa sun ɗan fi na fitarwa ƙarfi, iska tana fita ta kafofin akwati maimakon ta shigo da ƙura ta cikinsu, muddin akwai matata a gaban fankokin. Hanya mai sauƙi ta gane ko akwati ne matsalar ita ce cire murfin gefe a sake gwaji. Idan zafi ya sauka sosai, iska ce ba ta wadatar ba. Idan bai motsa ba, matsalar tana tsakanin furosesa da na'urar sanyayawa.

Aunawa

Manhajoji irin su HWiNFO, HWMonitor da Core Temp suna nuna zafi, wat da gudu a lokaci guda. Cinebench da Prime95 suna ɗora wa dukkan cibiyoyi nauyi fiye da yadda wasanni ke yi, don haka zafin da suke nunawa ya fi na wasa. Ɗan tsallen zafi na sakan ɗaya ko biyu lokacin buɗe manhaja abu ne da aka saba a sababbin furosesoci. Lambar ma ba kullum take nuna zafin zahiri ba: Ryzen 7 1800X da 1700X na 2017 suna ƙara digiri 20 a kan abin da suka auna don fanka ta tashi da wuri.

Alamomin da ke nuna matsala ta gaskiya su ne furosesa ta kai iyaka cikin 'yan sakanni alhali wutar da take sha ba ta da yawa, zafi mai yawa ba a aikin komai, gudu ya faɗi ƙasa da na asali, wasa ya riƙa sarƙewa bayan wasu mintuna, ko kwamfuta ta mutu da kanta.

Hanyoyin rage zafi

Akan fara da wanda ba ya cin kuɗi: share ƙura, goge tsohon mai da barasar aisofurofil a shafa sabo, ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan daga kusurwa zuwa kishiyarta, da gyara saurin fankoki a BIOS. Bayan haka sai rage wuta. AMD tana da Eco Mode da ke saukar da iyakar wat, da Curve Optimizer da ke rage boltej. A allunan Intel ana saita iyakokin da ake kira PL1 da PL2. Taƙaita yawan hotunan wasa zuwa abin da allon kallo ke iya nunawa yana rage aikin kati da na furosesa tare. Sayen babbar na'ura ko sabon akwati yana zuwa ne bayan an tabbatar da inda shingen yake.

Yanayin wuri

Na'urar iska ko ta ruwa ba ta iya saukar da furosesa ƙasa da zafin ɗaki, kuma duk digiri ɗaya da ɗaki ya ƙara, furosesa tana ƙara kusan ɗaya. Yawancin gwaje-gwajen da ake wallafawa ana yin su ne a ɗakuna masu digiri ashirin da 'yan kai. A garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kwamfuta iri ɗaya a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki tana iya nuna digiri goma ko fiye sama da abin da gwajin ya nuna. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matata da fallayen ƙarfe da sauri, don haka ana buƙatar shara akai-akai a lokacin. Ita ma kwamfutar tana ɗumama ɗakin: wadda ke shan wat 500 tana zuba zafi daidai da hita mai wat 500. Kowace na'urar sanyayawa kwashe zafi kawai take yi daga furosesa zuwa ɗaki, don haka a rufaffen ɗaki rage wutar da kwamfutar ke sha ne kaɗai ke rage jimillar zafin.